Majalisar Dattawan Da Ba Ta Taɓa Zama A Yamai Ba

A gidajenmu na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, duk inda ake sauraron labarai da Hausa, yara sun saba jin kalmar "sanata". Yau a ce sanatocin Najeriya sun tantance ministoci, gobe a ce majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da kasafin kuɗi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro mai lura ya tambayi malaminsa ko mahaifinsa: mu ina namu sanatocin?

Amsar a taƙaice ita ce, tun da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ba a taɓa rantsar da sanata ko ɗaya a Yamai ba. An dai rubuta majalisar dattawa a kundin tsarin mulkin 18 ga Agusta 2009, amma wata shida cif bayan nan sojoji suka kifar da gwamnati, kundin ya tafi da majalisarsa tun ba a zaɓi mambobinta ba.

Ina ganin bai kamata mu tsaya a wannan gajeriyar amsa ba. Yau ƙasarmu ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a sake rubuta kundin tsarin mulki, a kira jama'a su ce "i" ko "a'a". Wasu daga cikin yaran da ke zaune a azuzuwanmu yanzu su ne za su jefa wannan ƙuri'a. Idan aka zo masu da maganar majalisa biyu, ya kamata a same su sun san abin da za su tambaya.

Me ya sa wasu ƙasashe ke da zaure biyu?

Majalisar dokoki aikinta uku ne: yin doka, amincewa da kuɗin da gwamnati za ta karɓa da yadda za ta kashe su, da bin diddigin ayyukan gwamnati. Wasu ƙasashe suna damƙa wannan aiki ga zaure ɗaya. Wasu suna raba shi tsakanin zaure biyu, ta yadda ƙudiri ba ya zama doka sai ya bi ta hannun kowane.

Tsarin ya samo asali daga Ingila. Tun ƙarni na 14, manyan masu ƙasa da shugabannin coci suke zama a zaurensu, wakilan garuruwa da gundumomi kuma a nasu. Wato da farko rabon daraja ne, masu sarauta a sama, sauran jama'a a ƙasa.

Amurkawa sun ɗauki tsarin don warware wata matsala daban. A taron da suka yi a Filadelfiya cikin 1787, jihohi masu yawan jama'a sun so a raba kujeru bisa yawan mutane, ƙananan jihohi kuma suka ce idan aka yi haka za a haɗiye su. Sai aka raba gardama: a majalisar wakilai a bi yawan jama'a, a majalisar dattawa kowace jiha ta kawo mutum biyu, komai girmanta ko ƙanƙantarta. Shi ya sa yau suke da wakilai 435 da sanatoci 100.

Najeriya wannan hanya ta bi. Jihar Kano tana da wakilai 24 a cikin 360, Bayelsa tana da 5, amma a majalisar dattawa kowacce sanata uku take da shi. Jihohi 36 sau uku, a ƙara ɗaya na Abuja, shi ne 109.

Faransa kuwa, wadda muka gaji yawancin dokokinmu daga gare ta, ba tarayya ba ce, amma tana da depite 577 da sanatoci 348. Jama'a ne ke zaɓen depite kai tsaye. Sanatoci kuma zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi ne galibi ke zaɓensu, don a ji muryar garuruwa da ƙauyuka. Ƙudiri yakan yi ta kai-komo tsakanin zaurukan biyu, idan sun kasa daidaitawa gwamnati na iya ba wa depitoci maganar ƙarshe.

A dunƙule, dalilan kafa zaure na biyu ba su wuce waɗannan ba: a ba wasu rukunin jama'a ko yankuna murya, kuma a samu wanda zai sake duba doka kafin a zartar, domin gaggawa aikin shaiɗan ce.

Daga zamanin Turawa zuwa 1974

Kakanninmu 'yan siyasa sun san majalisa mai zaure biyu tun kafin 'yanci, amma a Paris suka san ta. Bayan yaƙin duniya na biyu, Nijar ta riƙa aika wakilai zuwa zaurukan Faransa duka biyun. Diori Hamani an zaɓe shi depite a 1946, ya faɗi a 1951, ya koma a 1956, har ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar dokokin Faransa.

A nan gida kuwa zaure ɗaya aka kafa. A 1946 aka yi wata ƙaramar majalisa wadda Faransawa mazauna ƙasar ke zaɓen nasu wakilai daban, 'yan ƙasa suna zaɓen nasu daban. A 1952 aka sauya mata suna ta zama majalisar yanki. Dokar 1956, wadda ta ba ƙasashen rainon Faransa damar kafa ƙwarya-ƙwaryar gwamnati, ita ce ta ba ta nauyi. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyar Djibo Bakary, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, ta ci kujeru 41 cikin 60, shi kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya ja ragamar gwamnati, ko da yake gwamna Bafaranshe yana bisa kansa.

Sai zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958. Sawaba ta ce a ƙi tayin Janar De Gaulle a karɓi 'yanci nan take, jam'iyyar PPN-RDA ta Diori da yawancin sarakuna suka ce a karɓi tayin, gwamna Colombani kuma ya sa nauyin mulkin mallaka a bayansu. "I" ta yi rinjaye, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba. Ranar 18 ga wannan wata aka ayyana jamhuriya, Diori ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya zama shugaban majalisa. A 1959 aka haramta Sawaba.

Kundin 8 ga Nuwamba 1960 ya tabbatar da majalisa mai zaure ɗaya. Boubou Hama, malamin makaranta kuma marubucin tarihi, ya shugabance ta har 1974. Amma majalisar jam'iyya ɗaya ce. A zaɓukan 1965 da 1970 jerin sunaye guda aka miƙa wa masu zaɓe, babu na biyu. Don haka lokacin da fari da yunwar farkon shekarun 1970 suka gallabi ƙasa, ana ta ƙorafin karkatar da kayan agaji, babu ɗan adawa ko ɗaya a zauren da zai miƙe ya tuhumi gwamnati. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya kifar da Diori, ya rufe majalisa.

Ku lura da abu guda a nan. Da a ce akwai majalisar dattawa a wancan lokaci, daga jerin sunayen jam'iyyar nan ɗaya za a cika ta, kuma shirun da na farko suka yi shi na biyu za su yi.

Majalisa ɗaya, jamhuriya bakwai

Shekara 15 ƙasar ta yi babu majalisar dokoki. Kountché ya kafa tsarin da ya dogara ga Samariya da ƙungiyoyin manoma, da wata majalisar raya ƙasa mai ba da shawara kawai. Bayan rasuwarsa a Nuwamba 1987, Janar Ali Saibou ya kafa jam'iyyar MNSD, aka yi sabon kundi a Satumba 1989, aka zaɓi depite 93 a Disamba, dukkansu 'yan jam'iyya ɗaya.

Ba su daɗe ba. Ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa, musamman bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ya share hanyar jam'iyyu da yawa. Kundin 26 ga Disamba 1992 ya bar zaure ɗaya mai kujeru 83, kuma a ciki aka keɓe 8 don mazaɓu na musamman irin su Bilma, Tasara, Tesker da N'Gurti, domin Tubawa, Larabawa da sauran al'ummomi marasa yawa su samu wakilci. Wato aikin da wasu ƙasashe ke kafa wa zaure guda sukutum, mu mun nemi yin sa a cikin zauren da muke da shi.

Jamhuriya ta uku ita ce ta nuna ƙarfin majalisa da kuma haɗarinta. Mahamane Ousmane ya ci shugabancin ƙasa a 1993 da ƙawancen jam'iyyu. Ƙawancen ya watse a 1994 bayan Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista. Shugaba ya rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, 'yan adawa suka samu rinjaye. Hama Amadou ya zama firaminista, Issoufou ya zama shugaban majalisa, aka shiga zaman doya da manja tsakanin fadar shugaban ƙasa da gwamnati, har zaman taron ministoci ya zama abin jayayya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓi mulki. Shi ma aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, Manjo Daouda Malam Wanké ya miƙa mulki ga farar hula a ƙarshen shekarar.

A jamhuriya ta biyar majalisa ta yi kusan shekara goma tana aiki ba yankewa, Mahamane Ousmane yana shugabanta. Kujerunta sun tashi daga 83 zuwa 113 a 2004. A wannan zamani ne ta yi wani abu da ya shafe mu malamai da iyaye kai tsaye. Bincike ya nuna an yi almundahana da kuɗin da ƙasashe masu tallafi suka bayar don ilimin firamare, abin da aka sani da badaƙalar MEBA. 'Yan adawa suka gabatar da ƙuri'ar yanke ƙauna, wasu daga cikin masu rinjaye suka mara masu baya, ranar 31 ga Mayu 2007 depite 62 suka kayar da gwamnatin Hama Amadou, ko da yake shi ya musanta cewa yana da hannu. Ko me mutum zai ce game da lissafin siyasar da ke bayan wannan ƙuri'a, gwamnati ta faɗi a cikin zaure, a kan kuɗin makarantun yara, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Yadda aka haifi majalisar dattawa a 2009

Kundin 1999 ya kayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan saɗara. Wa'adin marigayi Tandja Mamadou na biyu zai cika ranar 22 ga Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara kiran "tazarce", suna cewa a bar shi ya kammala manyan ayyukan da ya soma: madatsar ruwa ta Kandaji, matatar mai ta Damagaram, gada ta biyu a Yamai. Kalmar ma tsohuwa ce a kunnen Bahaushe, domin an yi ta rera ta a Najeriya zamanin Janar Sani Abacha.

Tun da ba a iya gyara saɗarar, sai aka yanke shawarar sauya kundin baki ɗaya. Ga yadda abubuwa suka biyo juna. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Mai shari'a Fatimata Salifou Bazèye, ta ba da ra'ayin cewa shirin ya saɓa wa doka. Washegari shugaba ya rushe majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen raba gardama. Ranar 26 ga Yuni shugaba ya ɗauki ikon gaggawa, ranar 29 ya rushe kotun kanta. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen, 'yan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce kashi 92 cikin ɗari da 'yan kai sun amince.

Sabon kundin ya ƙara wa shugaba shekara uku ba tare da zaɓe ba, ya cire iyakar wa'adi, ya maida shi shugaban gwamnati. A cikinsa ne kuma aka ce daga yanzu majalisa za ta zama zaure biyu, na depitoci da na sanatoci. Kashi biyu cikin uku na sanatocin zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi ne za su zaɓe su, kashi ɗaya kuma shugaban ƙasa ne zai naɗa.

An yi zaɓen depitoci ranar 20 ga Oktoba ba tare da manyan jam'iyyun adawa ba, ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar, Seini Oumarou ya zama shugaban majalisa. An yi zaɓen kansiloli a ƙarshen Disamba, su ma 'yan adawa ba su shiga ba. Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta zarya tsakanin Abuja da Yamai yana neman sulhu, bai samu ba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010, da tsakar rana, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa ana cikin taron ministoci. Kundin da aka amince da shi ranar 31 ga Oktoba 2010, aka zartar ranar 25 ga Nuwamba, ya maido da zaure ɗaya. Kujerunsa sun kai 171 a 2016, har da 5 na 'yan Nijar mazauna waje. Ita ce majalisar da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar.

To, mu auna wannan majalisar dattawa da ma'aunin da aka kafa irinta dominsa. An ce amfaninta ta taka wa mai mulki birki. Amma wanda ya kawo ta ya rushe birki biyu a cikin sati biyar, majalisa da kotu, saboda sun ce masa a'a. Kashi ɗaya cikin uku na mambobinta shi zai naɗa, sauran kuma kansilolin da aka zaɓa babu 'yan adawa ne za su fitar da su. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ga ta inda wannan zaure zai iya buɗe baki ya ce a'a ba.

Abin da ya faru a maƙwabta

Kada a ɗauka ina cewa majalisar dattawa ba ta da amfani a ko'ina. Shekara uku kafin tazarcenmu, an yi yunƙurin gyara kundin Najeriya don shugaba Olusegun Obasanjo ya samu wa'adi na uku, ko da yake daga baya ya ce shi bai nema ba. Jam'iyyarsa ta PDP ce ke da rinjaye a majalisar dattawa. Shugaban majalisar, Ken Nnamani, ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa suna kallonsa. Ranar 16 ga Mayu 2006 suka yi watsi da ƙudirin. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne jama'a ce ta zaɓe su, kuma shugaban ƙasa ba shi da ikon rushe majalisa a tsarin Najeriya.

A Senegal labarin ya bambanta. An kafa majalisar dattawa a 1999, aka soke ta a 2001, shugaba Abdoulaye Wade ya maido ta a 2007 yana naɗa 65 cikin sanatoci 100. A 2012, bayan ambaliyar da ta ɓarnata unguwannin Dakar, Macky Sall ya sa aka soke ta, ya ce a karkatar da kuɗinta ga magance ambaliya.

A Moritaniya, cikin Maris 2017, sanatoci 33 daga cikin 56 sun ƙi gyaran kundin da shugaba Mohamed Ould Abdel Aziz ya kawo, wanda ya haɗa da soke majalisar tasu. Sai ya tsallake su ya tafi zaɓen raba gardama a Agusta, majalisar ta zama tarihi.

Burkina Faso ce ta fi kama da mu. Blaise Compaoré ya sa an rubuta majalisar dattawa a kundi, 'yan adawa suka fito tituna a 2013 suna cewa hanya ce ta gyara saɗara ta 37 mai kayyade wa'adi. Ba a taɓa kafa ta ba. Ranar 30 ga Oktoba 2014 masu zanga-zanga suka cinna wa ginin majalisar dokoki wuta a Wagadugu, washegari Compaoré ya sauka.

Suna ɗaya ne a ƙasashen huɗu, amma abin da ke ƙarƙashin sunan ya sha bamban. Bambancin yana wurin wanda ya ɗora sanata a kujera, da wanda zai iya sauke shi.

Wannan ma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Sarki Muhammadu Rumfa yana da Tara ta Kano a ƙarni na 15. A Katsinar Maraɗi, Ƙaura, Galadima, Durbi da 'Yandaka su ne masu zaɓen sarki, kuma dole sarki ya yi la'akari da su domin kowanensu yana da gidansa da jama'arsa. Maganarsu tana da nauyi ne saboda ba bakin sarki kaɗai ya tsayar da su ba.

Hujjar masu so, da abin da nake gani

Masu goyon bayan zaure na biyu a Nijar suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar, amma jama'arta kaɗan ne idan aka kwatanta da Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Daga ƙasarta ake haƙo yuraniyom, daga Diffa ake haƙo mai, kuma tawayen shekarun 1990 da na 2007 duk sun ɗaga ƙorafin cewa ana yanke hukunci a Yamai ba a jin na nesa. Zauren da kowace jiha cikin takwas za ta samu kujeru daidai wa daida zai iya rage wannan ƙorafi. Wasu kuma suna so a ba sarakuna da malamai wurin zama, kamar majalisar sarakunan da aka yi a Kaduna daga 1947 zuwa 1966.

Ni dai ban gamsu ba, saboda dalilai uku.

Na ɗaya, idan muka duba tarihin da na zayyana, sau biyar sojoji suna rufe majalisarmu, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, sau biyu kuma zaɓaɓɓen shugaba yana rushe ta, a 1994 da 2009. Babu ko ɗaya cikin bakwai ɗin nan da ƙarin zaure zai hana. Wanda ya sa wa ƙofa ɗaya kwaɗo ba zai rasa na biyu ba.

Na biyu, mun riga mun gwada hukumomin ba da shawara, irin su majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta CESOC da majalisar ƙoli ta ƙananan hukumomi. Sau da yawa shugabancinsu ya zama kujerar da ake saka wa abokin ƙawancen siyasa da ita. Sarakuna kuma darajarsu tana cikin tsayawarsu a tsakiya. Ranar da sarki ya ɗaga hannu yana goyon bayan ƙudirin wata jam'iyya, rabin talakawansa za su daina kawo masa ƙara.

Na uku, kuɗi. Kowane sanata yana buƙatar albashi, mota, ofis da ma'aikata. Mu kuwa har yanzu dubban yaranmu a azuzuwan zana suke karatu. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilu 2021 ba, wadda ta ci yara kimanin 20, da ta Maraɗi a Nuwambar shekarar, wadda ta ci fiye da haka. Duk wanda zai nemi kuɗin ƙasa don gina sabon zaure, sai ya fara gaya wa iyayen nan abin da zauren zai tsare masu.

Idan muryar yankuna ake nema, ana iya ƙara mazaɓu na musamman, a kuma sakar wa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi kuɗi da iko na gaske. Idan sake duba doka ake nema, a kafa kotun tsarin mulkin da babu mai iya rushe ta da sa hannu ɗaya. Wanda bai iya riƙon ɗaki ɗaya ba, ba a ba shi shawarar ƙara aure.

Abin da za mu koya wa yara

Darasin tarbiyyar ɗan ƙasa a makarantunmu yakan tsaya ga hadda: jamhuriya nawa, depite nawa, wa'adi shekara nawa. Haddar tana da amfani, amma yaron da ya tsaya nan za a iya sayar masa da kowane kundi idan an yi masa ado da sababbin sunaye. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, da iyaye a gida, mu saba wa yara da tambayoyi huɗu game da kowace majalisa, ta ƙasa ce ko ta gari, mai zaure ɗaya ce ko biyu. Wa ya zaɓi mambobinta? Wa zai iya korarsu? Me za su iya hanawa? Nawa ake kashe masu, kuma daga aljihun wa?

Malami na iya ɗaukar majalisar 1965, ta 2007 da majalisar dattawan 2009, ya raba aji gida uku, kowane rukuni ya amsa tambayoyin nan game da ɗaya, sannan a kwatanta. Inda makaranta ke zaɓen shugabannin ɗalibai, a bar yara su zaɓa da kansu, kuma ranar da wakilansu suka zo da ƙorafi mai ma'ana a saurare su, ko da bai yi wa hukumar makaranta daɗi ba. Yaron da ya ga an hukunta wakilinsa don ya faɗi gaskiya ya riga ya koyi darasin da babu littafin da zai goge masa.

A gida ma, uba da uwa na iya ba da labarin shekarar tazarce yadda suka gan ta, ko suna cikin masu so ko suna cikin masu ƙi, su bar yaro ya yi tambaya. Yawancin 'yan lise na yau ba su da wayo lokacin, wasu ma ba a haife su ba, kuma idan ba mu gaya masu ba, a Facebook da TikTok za su ji, daga bakin wanda ke da tasa manufa.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.